Malam Halliru da Gadaje Shida na Wudil

Duk wanda ya saba bin hanyar ƙaramin asibitin Wudil bayan sallar asuba ya san ƙarar rishon Malam Halliru. Kafin ya sa farar rigar aiki sai ya ɗora tukunyar allurai a wuta, don a wurinsa allurar da ba ta tafasa ba ƙarin cuta ce. Tana tafasa yana zagaya ɗakin kwanciya, gado shida, uku na maza uku na mata, da katanga a tsakani. Sai ya tambayi kowane majinyaci yadda ya kwana, kuma ba tambayar wucewa ba, tsayawa yake ya ji amsa. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana haka, tun yana mai ɗaurin miki har ya je Kano ya yi karatun nas ya dawo. A ƙarshen wannan shekara ta 1959 zai ajiye aiki, saboda haka ya kamata a faɗi abin da shi ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Masu shaida suna nan da ransu. Akwai Haladu, makiyayi daga Darki, wanda sa ya tunkuya a kara, wurin cinikin shanu, wata ranar kasuwar Juma'a, aka kawo shi a kan asabari cinya a farke. Malam Halliru ya ɗinke shi, ya yi kwana goma sha tara yana wanke mikin safe da yamma. Yau Haladu da ƙafarsa yake koro shanu. Mutanen Utai kuwa ba su manta shekarar sanƙarau ba, lokacin da gado shida ya yi kaɗan, ya sa aka kafa rumfunan zana a bayan asibiti, ya yi wata biyu matarsa ba ta ganinsa sai in ya zo sake riga. Masunta ma sun san shi. Ƙugiyar da ya cire daga hannuwansu, da tarawa yake da ta isa kafa sana'a.

Kai ne mai sanyin hannu, Malam. Kai ne wanda tsofaffi ke cewa in ba kai ba ba za a yi musu allura ba, su zauna a gindin tsamiya har ka gama da wani.

Amma mutumin nan yana da wani hali da ya kusa jawo wa garin asara, kuma ba za a ɓoye shi ba don ana jinjina masa. Malam Halliru ba ya iya cewa "ina so". Tun yana yaro aka karantar da shi cewa mutumin kirki ba ya neman shugabanci, ba shi ake yi, ya riƙe wannan karatu da hannu biyu. Ko nama aka ajiye a faranti, sai an ce masa bismilla sau uku.

A 1955 aka ɗauke babban nas mai riƙe da ɗakin kwanciya, wanda ma'aikata ke kira incaji, aka mai da shi wani gari. Bayan mako guda sanarwa ta zo a jakar wasiƙu, aka manna ta a ƙofa. Ana neman wanda zai maye gurbinsa, duk nas ɗin da ke so ya rubuta takarda da hannunsa, ya faɗi karatunsa da ayyukan da ya yi, ta isa ofishin likita a Kano kafin ƙarshen wata. A ƙasa kuma an ƙara layi ɗaya: in ba a sami mai riƙe ɗakin ba, za a kwashe gadajen a mayar birni, Wudil ta koma wurin shan magani kawai. Nas-nas na birni babu wanda ya yi marmarin zuwa. Malam Halliru ya karanta sanarwar ya fi sau goma, kullum ya zo layin ƙarshe sai gabansa ya faɗi. Daga Wudil zuwa Kano mil ashirin da biyar ne, kuma ya san mace mai naƙuda daga Indabo ba za ta kai ba.

Yana so, amma ya ce yana so ne ya gagara. Sai ya bi hanyar da ya ga iyayensa na bi in ana neman wani matsayi: ya tura babba. Ranar da likita, wani Bature mai zuwa rangadi sau ɗaya a wata, ya sauka a Wudil, Wali yayan Halliru ya sha babbar riga, ya riƙo kaji biyu da ƙwaryar ƙwai, ya je gaisuwa. Aka yi gaisuwa mai tsawo ta bakin tafinta. Can a ƙarshe Wali ya ce, "Ƙanena Halliru yana nan, mutumin kirki ne." Likita ya yi murmushi ya ce ai ya sani.

Wali ya dawo yana baza riga. "An gama. Da bakinsa ya ce ya sani."

"Allah ya saka da alheri, Yaya," in ji Halliru, ya ji kamar an sauke masa dami daga ka. Su duka biyun sun ɗauka an nemi aiki. Likita kuwa ya ɗauka an kawo masa kaji.

Saura kwana uku wata ya ƙare, da hantsi, sai ga wani kafinta ya sauko daga motar Kano riƙe da sufana. Ya yi sallama, ya durƙusa a gindin gadon farko yana duba kusoshi. A kan gadon akwai wata mata da ta haihu shekaranjiya, jini bai gama tsaya mata ba.

"Lafiya, malam?" Halliru ya tambaye shi.

"Lafiya lau. An ce in duba yadda za a kwance su, mota za ta zo ranar Litinin. Wai ba wanda ya rubuto."

Malam Halliru ya dubi matar da ke kan gadon. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya, kuma tsoron ya fi yawa.

Bayan azahar ya zauna a gindin tsamiya da takarda da alƙalami. Ya rubuta gaisuwa layi huɗu, ya rubuta "idan an ga dama", ya tsaya. Nan Safara'u ungozoma ta same shi. Ta girme shi da shekara goma, kuma a duk asibitin ita kaɗai ce ba ta jin nauyinsa. Ba ta iya karatun boko ba, ta ce ya karanta mata. Ya karanta.

"Shi ke nan? Wannan ai wasiƙar barka da sallah ce, Malam."

"Yaya Safara'u, ta yaya mutum zai zauna ya yabi kansa? In ce na yi kaza, na yi kaza? Ba haka aka koya mana ba."

"Wa ya ce ka yabi kanka? In alƙali ya kira ka ya ce me ka gani, sai ka ce kana jin kunya?"

"Wannan shaida ce, daban ne."

"To, shaida ake nema a wurinka. Gadajen nan ake wa shari'a, kai kaɗai ka san abin da aka yi a kansu. Kai da ka yi karatu, gaya mini hukuncin wanda ya ɓoye shaida." Ta nuna ɗakin mata da haɓa. "In ka ga kunyarka ta fi yarinyar can nauyi, sai ka je ka gaya mata da kanka."

Ta tafi ta bar shi. Ya sake duba takardar. Sai ya ga abin da ya kira kunya shekara da shekaru akwai son kai a cikinsa, don shi zai fita da mutuncinsa fes, wasu su biya da rayukansu a hanyar Kano. Ya yaga takardar ya ɗauki sabuwa. Layin farko ya fi kowane ɗinki da ya taɓa yi wuya: "Ni Halliru ina neman wannan aiki." Daga nan sauran ya zo da sauƙi. Ya faɗi shekarunsa a aiki, da karatunsa, da rumfunan sanƙarau, da mutum nawa suka shiga da nawa suka fita da ƙafarsu. Waɗanda suka mutu a hannunsa ma bai ɓoye ba, tun da shaida aka ce.

Bai yarda da jakar wasiƙu ba. Washegari ya hau motar gyaɗa ya kai takardar da hannunsa. Aka tsai da maganar kwance gadaje, bayan mako biyu aka kira shi ganawa. Mutum uku a bayan tebur, likitan nan a tsakiya. Aka tambaye shi me ya sa yake ganin shi ya dace.

"Ban ce na fi kowa ba," in ji shi. "Amma duk wanda ya kwanta a gadajen nan na san ƙauyensu, na kuma san wanda ba zai kai Kano da rai ba."

Likita ya ce wata guda yana jiran wannan takarda, har ya ɗauka Halliru ba ya so. Aka ba shi aikin.

Kai ne ka haɗiye kunyarka don wasu su rayu, Malam, kuma wanda ya san ka ya san ba ƙaramin abu ka haɗiye ba.

A watan jiya sabuwar sanarwa ta zo, ta neman wanda zai gaje shi. Shi ya manna ta da kansa. Ya kira nas biyu da suka daɗe a ƙarƙashinsa, Bilya da Barakatu, ya miƙa wa kowa takarda. Bilya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, da na ce ko in turo kawuna ya gai da likita."

Malam Halliru ya yi dariya har ya share hawaye. "Kawunka ya riƙe kajinsa. Zauna ka rubuta, ina nan."

Mun gode, Malam Halliru. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya saka maka da abin da ya fi. Ku kuma ma'aikata masu nauyin baki, a asibiti kuke ko a makaranta, in kun san za ku iya kuma kun san wanda zai cutu in kuka yi shiru, ku ɗauki alƙalami. Wanda ke shakka ya biya ta asibitin Wudil, ya durƙusa ya dubi kusoshin gadajen nan shida. Har yau ba wanda ya kwance ko ɗaya.