Husain Abu Siniyya a Layin Kanisa

A unguwarmu ta Hausawa a Gadarif, in kana son sanin ko an yi rasuwa, duba igiyar shanyar Husain. Muddin ka ga farar jallabiyarsa a shanye da sassafe, to wani ya cika, ko an haihu, ko za a ɗaura aure. Shi duk ɗaya ne a wurinsa, in dai za a fito da siniyya, babban farantin nan da ake jera kwanonin abinci a kai. Shi ya sa ake ce masa Abu Siniyya, wato Mai Siniyya, kuma ba kunya yake amsawa.

Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar hajji, ya yada zango a nan ya kama noma. Ubansa a gonakin dawa na Gadambaliya ya ƙare rayuwarsa. Shi kuwa Husain kaka ɗaya ya gwada yankan dawa, ya dawo ya ce bayansa ya ƙage, kuma bayan nan bai saki ba har furfura ta cika masa gemu. Matarsa Jummare ta yi haƙuri iya nata, daga baya ta kwashi 'ya'yanta ta koma wajen 'yan'uwanta a Gallabat. Bai je biko ba. Ya ce laka ta kashe hanya, da rani ya zo kuma ya ce zafi ya yi yawa.

A gidan makoki ya san wurin zamansa: daidai bakin rumfa, inda siniyya ke fara sauka. Addu'arsa ta fi ta kowa tsawo da ƙarfi. Amma ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa riƙe da shebur a maƙabarta, ko ya sa kafaɗa a makara.

Dangar kara ce ta raba gidansa da na Santino Kuku, mutumin duwatsun Nuba, makanikin tarakta, ɗan Katolika. Santino ya daɗe a cikinmu, ba manomin da bai taɓa tayar masa da inji a tsakiyar damina ba. Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, matarsa Rejina ce ta riƙe gidan da sayar da shayi a tashar manyan motoci.

Wata Lahadi Husain ya leƙa ta ɓular danga, aikin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya ga Rejina ta share tsakar gida ƙal, ta yi wa mijinta aski, ta sa masa sabuwar riga. Ta jawo ɗan tebur kusa da gadonsa, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta kafa kyandir. Ya ji tana cewa, “Ko shayi ka kurɓa mana, ai maras lafiya ba a ɗora masa azumin nan ba.”

Santino ya ce, “Bari sai na ci abincin da ake kawo mini. Tun ina yaro ban taɓa sa wani abu a gabansa ba.”

Husain bai jira ƙarin bayani ba. Abincin da ake yi wa azumi, ake shimfiɗa masa farin ƙyalle, ai ba ƙaramin abinci ba ne. Ya zura jallabiya, ya naɗa rawani, ya yi sallama. Shekara guda kenan mutumin nan yana kwance, Husain bai taɓa taka gidan ba sai ranar.

Rejina, wadda ke kiransa Ammu, wato baffa, ta ce, “Marhaba, Ammu Husain. Lafiya dai?”

“Lafiya lau, maƙwabciya. Haƙƙin maƙwabtaka ne ya hana ni barci.”

Ta ba shi kujera. Can sai ga Ustaz Butrus, malamin da ke koyar da addini a kanisarsu, wato cocin Katolika, ya shigo da keke. Husain ya miƙa wuya yana duban bayan keken, bai ga kwando ba. Butrus ya ciro wani ɗan ƙaramin gwangwani daga jakar da ya rataya a ƙirji, ya ajiye kan ƙyallen. Rejina ta durƙusa. Suka yi addu'a, ya karanta musu Linjila, sannan ya ɗauko wata 'yar farar gurasa, siririya kamar takarda, ya sa wa Santino a harshe. Santino ya rufe ido, hawaye na bin kuncinsa, ya daɗe bai motsa ba.

Husain ya yi ta jira. Da ya ga Butrus na gyara keke zai tafi, ya kasa daurewa. “Ustaz, sauran na hanya ne?”

Rejina ce ta amsa masa. “Wannan shi ne Kurban, Ammu. A wurinmu jikin Almasihu ne. Abuna, limaminmu, ke keɓe shi a sallar Lahadi, wanda ciwo ya hana zuwa sai a kawo masa har gado, don kada a bar shi shi kaɗai. Duk abin da muke yi a kanisa, saboda shi muke taruwa.”

Ta haɗa masa shayi duk da haka, ya sha, ya nemi ƙarin sukari.

Mako guda ya yi yana yawo da labarin a kasuwa. “Na ga abin mamaki! Mutum ya ƙi karyawa, a yi masa aski, a kunna kyandir, sannan a ba shi abin da ɗan tsako ba zai ƙoshi da shi ba. Har da kukan daɗi!” Wasu suka yi dariya. Modibbo, limamin masallacinmu, ya tare shi ya ce, “Husain, addininsu daban, namu daban. Amma kai da ka shiga gidan maras lafiya da yunwarka, kai ne abin dariyar.” Husain ya ce wasa yake yi.

Da kaka ta kama, ana tsakiyar yankan riɗi, Santino ya rasu. Mutanen unguwa suka fito. Suleiman direba ya ba da motarsa, matasanmu suka je haƙa kabari tare da 'yan'uwan mamacin, matanmu suka shiga gidan suka ɗora tukwane. Husain ya ji an yanka rago, sai ya bi gawa har kanisa.

Musulmin da suka raka, wasu suka tsaya ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a waje, wasu suka zauna a bencin ƙarshe. Husain ya ratsa ya zauna can gaba cikin dangi. Lissafinsa shi ne wanda aka gani kusa da iyalan mamaci, shi za a zaunar a siniyyar manya in an koma gida. In suka tashi ya tashi, in suka zauna ya zauna. Da suka durƙusa ne kawai ya tuna da ciwon bayansa.

Sai lokacin karɓar Kurban ya yi. Mutane suka jeru a hankali, hannuwa a haɗe, kowa kansa a ƙasa. Husain ya waiga ya ga duk manyan gidan sun shiga layi, baƙi ne kawai a zaune. Shi da ya cika kasuwa da ba'a a kan 'yar gurasar nan, sai ga shi ya gyara rawani ya shiga layin, don kada a lissafa shi cikin baƙi. Suleiman na hango shi daga baya, ya dafe kai.

Saura kaɗan ya isa gaban Abuna, limamin nasu, Rejina ta juyo bayan ta karɓi nata. Idonta a kumbure, akwatin gawar mijinta na gefenta. Ta kama hannun jallabiyarsa, ta ja shi gefe, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma wurin shiru ne, na kusa duk sun ji.

“Ammu Husain, ka gaskata abin da ke hannun Abuna?”

Ya yi tsuru-tsuru. “Ni dai girmama maƙwabci na zo yi.”

“In ba ka gaskata ba, karɓarsa ƙarya ce, ka yi mana ka kuma yi wa addininka. Mijina bai taɓa shiga sahunku babu alwala don ya burge kowa ba. Koma ka zauna. Abincinka na gida, ba wanda zai cinye maka.”

Ya taka tsakiyar kanisar nan da farin rawaninsa, daga gaba har baya, ido duk a kansa. Wani da ya yi wannan abin kunya zai wuce gida ya rufe ƙofa. Husain bai je maƙabarta ba, amma ya riga kowa isa gidan makoki. Rejina ta cika alkawari, ta sa aka ajiye masa kwano shi kaɗai a bakin danga. Ya cinye tas, ya ce naman bai nuna ba.

Washegari bayan azahar Modibbo ya tsayar da shi a gaban jama'a. “An ce an gan ka a layin kanisa. Ka bar Musulunci ne?”

Husain ya yi ta rantsuwa, ya kawo kalmar shahada da ƙarfi har na waje suka ji. Ya ce zumunci ne ya kai shi.

Suleiman ya ce, “Mu da muka haƙa kabarin ba mu san zumunci ba kenan? Rago ka bi, Abu Siniyya.”

Daga nan unguwa ta yi masa tsanani. In ya zauna a siniyya sai mutane su matsa, yara na binsa suna tambayar ko an ƙara masa. Kafin damina ya tattara ya koma garin Doka, inda ba a san shi ba.

Suleiman kan yi lodi can, shi ya kawo mana labarinsa. Wai ya same shi a gidan wani suna, a bakin rumfa, mutane sun kewaye shi yana ba su labarin yadda Kiristocin Gadarif suka kai shi har gaban limaminsu, suka yi ta roƙonsa ya ci gurasarsu, shi kuwa ya ce a kashe shi ya fi masa. Jama'a na ta kabbara, mai gidan ya tura masa cinyar kaza gabansa. Da suka haɗa ido da Suleiman, Husain ko gezau bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce, “Yauwa, ga ma shaida ta iso. Suleiman, wanke hannu ka matso.”