Tsutsotsin Baba a Robar Shinkafata

Jiya a unguwar Treichville na wuce wani mai fatsa yana soka tsutsar teku a ƙugiya. Sai na tuna surukina, Allah ya jiƙansa.

Kowace Lahadi yakan rufe shagonsa na unguwar Adjamé ya tafi fatsa bakin ruwa, ya dawo da ragowar tsutsotsin nan masu ƙafafu kamar shanshani, ya ajiye su a ruwan gishiri. Lokacin ina laulayin cikin fari, ko ƙarninsu ba na iya shaƙa.

Wata safiya na tarar da su a robar da nake wanke shinkafa. Ruwan ya yi fari kamar tsinkakken koko, wasu sun fashe, yauƙi yana fita daga cikinsu. Nan take na yi amai.

"Baba, sun ruɓe!"

Ya duƙa ya tsoma yatsa. "Ba ruɓewa ba ce, 'yata, haihuwa ce. Uwar takan fashe ta saki ƙwai, 'ya'yan su yi ta yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu."

"To ko su ko ni a gidan nan!" Maganar ta fita kafin kunya ta kama ni.

Ya rungumi robar, ruwan yana zuba a rigarsa, ya shiga mota ya mayar da su teku. Bai sake fatsa ba har ya rasu, ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Har yau ina ƙyamarsu. Allah ya yafe mini, ya sanyaya makwancin Baba.