Wurin da Umma Ta Ce a Bar Mata

Ni dai a gidanmu ba a yar da abin da ya fito daga jikin mutum. Gashin da ya maƙale a mataji, farcen da aka yanke, haƙorin yaro, duk sai Umma ta tona rami ta rufe. To, wannan matar ce ta zo min wankan jego Salford, a Ingila, lokacin da na haifi 'yan biyu, ta tarar da mu a flat can saman bene, ƙasar da muka mallaka duk duniya ita ce ta cikin tukunyar fulawa.

A asibiti unguwarzoma ta tambaya ko muna son tafiya da mabiyiya. Ban gama fassara wa Umma ba ta miƙa hannu biyu. Washegari mabiyiyar 'ya'yana ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham a cikin kular abinci, a kan cinyar Umma, maigidana na gefe, likita guda, yana ta addu'ar kada wani ya tambaye shi abin da ke ciki. Yayana yana can, a unguwar Small Heath, gidansa na da ɗan fili a baya. Nan Umma ta wanke ta, ta naɗe a farin ƙyalle, ta binne a gindin katanga. Sannan ta ja layi da ƙafa, ta zarce ramin da kamar taku biyu, ta ce wa Yaya daga nan zuwa nan a bar mata. Yaya injiniya ne, ya daɗe yana mafarkin zuba siminti ya ƙara girman kicin. Ya nemi dalili, ta ce haka ta ga dama. Bayan ta koma Kano ma, duk waya sai ta tambaye shi ko ya taɓa mata wuri.

'Yan biyun nan ba da sauƙi suka zo ba. Sai da na daɗe ina jira, sannan aka haɗa ƙwayar haihuwata da ta maigidana a asibiti. Aka samu 'yan tayi biyar, aka sa min biyu, aka ajiye uku a sanyi. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, amma Umma ta sa su cikin gaisuwa. "Ya 'yan biyu? Ya na firiza?" Na gaji da gaya mata ba irin firizar da ake sa kaji ba ce. Ta ce ita dai sanyi sanyi ne, a gaishe su.

Haihuwar ta kusa tafiya da ni, likitoci suka ce kada in sake ɗaukar ciki. Muka yi ta sabunta ajiya har 'yan biyu suka shiga makaranta, sai asibiti suka ce mu tsai da shawara. Ko a narkar da ukun nan, in muna so a ba mu su mu tafi da su gida, ko mu bayar ga masu bincike. Su masu binciken suna cire wasu ƙwayoyi daga ɗan tayi, stem cells suke ce musu, su rene su su zama na jini ko na jijiya, da fatan wata rana a yi wa marasa lafiya magani da su. Ɗan tayin kuwa daga nan ya ƙare.

Zancen ya tashi ranar Sallah a gidan Yaya, Umma ta sake zuwa hutu. Shi Yaya tun da ya fara zuwa karatun Lahadi a masallacin layinsu ya zama muftin dangi. Ya gyara zama ya ce ba a busa rai sai ciki ya yi wata huɗu, don haka babu komai. Matarsa ta ce malamin da ita take saurare kwana arba'in ya ce, kuma ko ma dai nawa ne, abin da zai zama mutum ba a wasa da shi. Maigidana ya ce dokar ƙasar nan ma ba ta barin masu bincike su wuce mako biyu da ɗan tayi, namu kuwa ba su kai ba. Kowa da cokali a hannu yana lissafin kwanaki, ni da ake magana a kan 'ya'yana, ko abin da ya kusa zama 'ya'yana, ba wanda ya ɗago ya dube ni. Raina ya ɓaci. Na ce in sun gama zaman shari'ar su aiko min da hukuncin, na tashi na fita baya.

Umma na can a kan kujerar roba, tun ɗazu ta bar musu falon. Gaskiya ita nake tsoro, ba malaman ba. Matar da ta ƙi bar wa Bature mabiyiya, ita zan gaya wa zan ba shi uku?

"Ke me kike so?" in ji ta.

"Umma, so nake in bayar. Ba zan iya haifarsu ba, kuma ba na so su narke a banza. In an samu wani ya warke ta dalilinsu, sun yi wani abu a duniya."

"Za su ji zafi?"

"A'a. Ba su kai ga jin komai ba."

"In an gama, za a dawo miki da wani abu? Ko ɗan kaɗan ne."

"Babu abin da zai dawo, Umma."

Ta juya tana kallon gindin katanga, inda ciyawa ta cika takun nan biyu da ta hana a taɓa. Sai a lokacin na gane. Tun ranar da ta binne mabiyiya ta san ba zan sake haihuwa ba, ta ware wa ukun nan makwanci kusa da ta 'yan'uwansu, ta yi ta tsaron wurin daga Kano ba ta gaya wa kowa ba.

Ta ƙwala wa Yaya kira. Ya fito da ƙashin kaza a hannu.

"Wurin nan da na ce ka bar min, zuba simintinka. Na 'yan biyu kawai za ka tsallake."

Yaya ya dube ta, ya dube ni ina kuka, ya rasa inda zai ajiye ƙashin.

Na bayar da su. Yaya ya ƙara kicin ɗinsa, amma ya tsai da gini taku biyu kafin katanga, wai ƙa'idar hukumar council ce ta hana shi ƙarasawa. Ba wanda ya ƙaryata shi. Umma kuwa har yau in na kira takan ce, "Ya 'yan biyu?" Sai ta ɗan yi shiru, daidai tsawon tambayar da ta daina yi, sannan ta ce ya aiki.