Raguwar Alkamar Kenjegul

Shekara ashirin da shida Kenjegul ta yi tana rarrafe a gonar gwajin iri ta gandun gwamnati, can cikin kwarin Talas. Duk ƙarshen kaka, idan alkama ta tsiro kafin sanyi ya sauko, sai ta bi layi-layi a kan gwiwa tana duba zaman kowane tsiro. Wanda ya miƙe tsaye ta tuge shi. Wanda ya baje ganye ya manne da ƙasa, ya ɓoye gindinsa can ciki, shi take kafa wa tsinke. Da haka ta tace iri nata na kanta, gajere, marar kyan gani, mutanen ƙauye suka laƙaba masa Raguwa. Gwiwoyin kuwa suka kumbura, har sallah sai a zaune.

Da gandu ya watse aka raba filaye, nata kason ya yi iyaka da na Saginbek, ƙanin marigayi mijinta. Ba ta kama sunansa, Dogo take ce masa, shi kuma ya ce mata Jenge, wato matar wa a harshensu.

Wata shekara aka kawo sabon iri daga kudu. Ya tsiro tsaye cak, kore shar. Saginbek ya jingina da shinge yana leƙen gonarta.

"Jenge, taki har yanzu barci take? Kai mata shayi mana, ko ta tashi."

"Bar ta ta kwanta, Dogo. Taka mai rawar kan nan ba ta san Talas ba tukuna."

"Kishi ne kawai. Buhu biyu nake ɗauka inda kike ɗaukar ɗaya."

Bai yi ƙarya ba. Shekara uku a jere dusar ƙanƙara ta sauka da wuri ta lulluɓe gonaki, sabon iri ya yi sanyinsa a rufe, ya yi albarka. Kowa ya niƙe tsohon irinsa ya gasa gurasa. Kenjegul kaɗai ta ci gaba da shuka nata.

A shekara ta huɗu aka yi fari, ciyawar da aka tara wa dabbobi ba ta kai rabi ba. Dusar ma ta ƙi zuwa. Sanyi ya sauka kan ƙasa tsirara, ta daskare har ta tsattsage. Da gari ya fara ɗumi mutane suka fita gona, suka tarar tsiro ya yi baƙi. Ka ja shi ya biyo hannu, gindin ya ruɓe yana wari. Ita ma Kenjegul ganyen nata ya ƙone, amma da ta tona da yatsa sai ta ga gindin fari, da taurinsa. Cikin mako biyu gonarta ce kaɗai kore a kwarin.

Lokacin haihuwar tumaki ne, ga shi babu ko tsinken ciyawa. Saginbek ya zo, hula a hannu.

"Jenge, tunkiya goma sha ɗaya na jefa a rami. Ki bar sauran su ɗan lasa, wuni ɗaya tak."

"Ƙasa duk laka ce. Ba lasa za su yi ba, tugewa za su yi. Ku daure wata huɗu, kowane gida zai samu irin shuka."

"Wata huɗu? Je ki faɗa wa tumakin."

Ta hana. Ranar da ta tafi gaisuwar mutuwa ƙauyen gaba, ta dawo da la'asar ta tarar an kwantar da shinge, tumakin gida bakwai suna ciki. Ba ta iya gudu. Ta cire ɗankwali tana kaɗawa tana ihu har murya ta dushe. Masu tumakin na tsaye a bakin gona, kowa kansa a ƙasa, babu wanda ya ɗaga sanda. Da yawa cikin dabbobin ma ba su sha ba: ɗanyen ganye ya faɗa cikin da ya daɗe babu komai, suka kumbura suka mutu.

Da girbi ya zo, bokiti ɗaya da rabi ta samu, daga wata kusurwa mai duwatsu. Saginbek ya zo da lauje ba a kira shi ba, ya yanke mata.

A kakar nan ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, 'yarta ta zo ta tafi da ita birnin Bishkek. Kafin mota ta tashi ta aika wa Saginbek irin, da saƙon ya shuka da zurfi, da wuri. Ya yi niyya. Amma 'yan kasuwa sun fara bin ƙauye suna sayen wake, kowa ya juya ga wake, shi ma ya bi. Irin ya zauna a rumbu yana jiran wata shekara, har ɓeraye suka gama da shi.

Kenjegul ta yi shekara biyar a hawa na shida na benen da 'yarta ke zaune, ba ta sauko ba. Da ta cika, aka kawo ta gida cikin tsananin sanyi. Saginbek na cikin masu haƙan kabari. Ƙasa ta ƙi diga, sai da suka hura wuta a wurin tun safe har azahar kafin ta saki.