Ramin da Ke Cikin Rairayin Yayana

Ko da tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zan manta da makonni ukun da na yi ina tsaron kifayen yayana a Madawa.

Yayana ya shekara ashirin yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano. Da ya ajiye aiki, sai ya dawo da wani akwatin gilashi mai tsawon gado, ya cika shi da ruwan gishiri irin na teku, da duwatsu, da murjani mai rai, da kifaye bakwai masu launi kamar atamfa. A ƙasan akwatin akwai farin rairayi mai zurfin taƙi guda. Shekara shida yana kula da shi. Kowane mako yakan zuƙe dattin saman rairayin da tiyo, yanki ɗaya kawai, ba ya wuce zurfin gaɓar yatsa.

Da za a yi masa aikin ido a Tawa, ya kira ni na zo daga Bangi, lokacin mun gama girbi. Ya nuna mini komai, ya ce, "Sama kaɗai za ka taɓa. Kada ka tona." Ban tambaye shi dalili ba.

A kwana na huɗu na ga rami a kusurwar rairayin, faɗin babban yatsa, an jera ɓawon katantanwa kewaye da shi kamar da hannu. Na share shi. Kafin azahar ya dawo, ɓawon ma a jere. Na lura kifayen ba sa bi ta wannan kusurwa. Bayan kwana biyu na ƙirga su, shida. Murfi a rufe, babu gawa, babu ko ƙaya.

Ana haka gwaggonmu ta zo daga Garhanga. Tsohuwa ce da ta tashi gidan masu tsafin gargajiya kafin su musulunta. Ta daɗe tana duban ramin, sannan ta ja baya.

"Ɗana, wanga rairai da mai shi. Mi kaka ba shi?"

Na ce, "Haba Gwaggo, kihi na ka ba abinci, ba rairai ba."

Ta ce, "To, zai ɗauka da kainai."

Na yi dariya, amma jikina ya yi sanyi. Da kifayen suka koma biyar, sai zuciya ta ɗebe ni. Da rana tsaka na naɗe hannun riga na cusa hannu cikin ramin har wuyan hannu. Farin rairayin ya juye baƙi ƙirin kamar gawayi, kumfa ta taso, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Sai na ji wani abu yana bi ta tsakanin yatsuna, a hankali, ba ya ƙarewa. Na fizge hannu. Abin ya fito kamar shanshani, tsawonsa ya kai kamu biyu, jikinsa na walƙiya, bakinsa kamar almakashi. Ya tsaya cak yana fuskantata, sannan ya shige cikin dutse.

Kifayen suka taso sama suna haki. Na buga wa yayana waya. Da na faɗa masa, ya ce, "Ka gane shi ke nan. Tsutsar teku ce, cikin dutse ta zo tun tana ƙarama. Duk kwana ukku nikan aje mata yankan kihi bakin ramin. Na ji tsoron in na hwaɗa maka ba ka zama." Ya ce baƙin rairayin nan dattin shekaru ne da ya zama guba, na buɗe shi gaba ɗaya. Ya sa na haɗa sabon ruwan gishiri na yi ta canzawa har la'asar. Kifi biyu suka rayu.

Da ya dawo bai yi mini faɗa ba, ni ma ban yi masa ba, kowa ya san rabonsa na laifi. Tun daga nan, in an ba ni amana aka hana ni wani abu, sai na ji dalili kafin mai ita ya tafi. In kuma ni ne mai bayarwa, nakan faɗi har abin da nake tsoron zai kori mutum, don wanda aka ɓoye wa gaskiya da hannunsa zai je nemanta.