Abin da Ya Faɗo Daga Almakashi

Bayan na gama digiri a Guangzhou ta ƙasar Sin ban koma gida nan da nan ba. Na zama tafintan wani Alhaji ɗan Kwari da ke zuwa ba da ɗinkin riguna. A wannan zuwan zanen yadin nasa ne na kansa, shuɗi mai ɗigon rawaya, ya kuma ja kunnen mai shagon ɗinkin kada kowa ya gan shi kafin kaya su isa Kano.

Shagon yana hawa na huɗu a wani lungun Baiyun da rana ba ta shiga. Telolin duk mutanen ƙauye ne da suka baro gonakinsu, kuma a saman shagon suke kwana. Wanda ya rasa kekensa ya rasa gadonsa.

Akwai wata mata a cikinsu, za ta yi sa'ar yayata, da na ga tana tsince ƙyallaye a ƙasa tana cusawa a aljihu. Ba a ɓoye take yi ba. Da muka haɗa ido murmushi ta yi, ta ce a garinsu abin da ya faɗo daga almakashi na tela ne, tun zamanin kakarta.

Ranar Asabar, a bakin tashar Sanyuanli, na ga 'yan jakunkunan waya an baza a kan leda ana sayarwa. Shuɗi mai ɗigon rawaya. Kwana biyu ina juya abin a raina. Ina ganin amana ce ta sa na yi magana. Ko kuma tsoro ne kada Alhaji ya gani da idonsa ya ce na sani na yi shiru. Har yau ban iya raba biyun ba.

"Alhaji, wataƙila ba wani abu ba ne," na ce masa muna cin abinci a Xiaobei. "Ƙyallaye ne dai, ina jin..."

"Malam, kai kullum wataƙila! Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To kira min laoban." Haka ake ce wa mai shago a can.

Da bakina na fassara. Na sassauta iya yadda zan iya, na ce gargaɗi kawai Alhaji yake so, kuma gaskiya ne. Mai shagon ya ce duk yadin da ya shigo ƙofarsa, har zaren da ya zube, na shago ne. Nan ba ƙauye ba ne. Washegari wata ce daban zaune a keken matar nan mai tsince ƙyallaye.

Sau ɗaya na sake ganinta, a bakin titin da masu neman ɗinkin yini suke tsayawa. Ƙullin shimfiɗarta na tsakanin ƙafafunta. Na sauya hanya.

Da Alhaji ya dawo bayan wasu watanni muka koma shagon, na daure na tambayi labarinta. Mai shagon ya yi dariya. Wai an kama ta ta sauke bandir guda cur daga bayan motar kaya.

"Ka gani ko? Dama can ɓarauniya ce," ya ce min.

Ban san halinta ba, ba zan rantse a kansa ba. Abin da na sani, lokacin da take da keke da gado, abin da ke ƙasa kawai take ɗauka, a gaban kowa.

"Me yake cewa ne yake ta dariya?" in ji Alhaji.

Na ce masa kayan za su fito ranar Talata.