Almu Ba Ya Kashe Inji

Masu zama ƙarƙashin ceɗiya suna cewa ƙanena Almu ya gama zubewa, wai gemu da furfura yana sayar da waƙa a waya. To su da suke zaune, me suka sayar? Ni na goye shi, ni zan faɗi ko wane ne shi.

Tun yana saurayi Almu ke gadin injin ban ruwa na ƙauyenmu, a bakin kogi kusa da garin Sinja. Tsohon inji ne mai cin gas, sai ƙarti sun taru sun ja igiya kafin ya tashi, wata rana har rana ta take. Saboda haka doka ɗaya Almu ya sani: injin da ya tashi ba a kashe shi. Ƙararsa ta cinye masa kunnen hagu, bai taɓa yin ƙorafi ba. Da aka kawo famfon lantarki a shekarar 2012, aka ce masa an gode. Shi ke nan, an gode!

Bai zauna ba. Ya sayar da tumakinsa ya sayi tsohuwar kwamfutar hannu. Yana ɗora ta a karo, keken jakinsa, da batirin mota, ya bi kasuwannin ƙauye yana zuba wa mutane wa'azi da karatu da waƙoƙin Hausa da na Larabci a memorin waya. Tsohuwar da ba ta da ko sisi ma sai ya zuba mata, ya ce ta yi wa jakin addu'a.

Sai kwamfutar ta mutu. Aka canza mata ma'aji, wato abin da ke riƙe waƙoƙin a cikinta, bayan kaka ta sake mutuwa. Ya zauna gida, ba kasuwa, ba magana, matarsa Mero ta aiko a kira ni. Idan aka gyara ta ta kuma mutuwa, sana'ar ta ƙare, don babu sauran tunkiya a turke. Na ɗauki mayafi na ce mu tafi birnin Sinnar wajen mai gyara, ni zan yi masa kunne.

Mai gyaran, Osman, ya buɗe ta, ya girgiza kai.

Ya kira Almu baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammu, a karo kake kai ta?"

"A karo."

"A kashe?"

Almu ya dube shi kamar ya zage shi. "In kashe ta don mi? Lafiya lau take aiki."

Ashe tun daga gida yake kunna ta, ya bi hanyar bakin magudanar ruwa da ita, rami bayan rami. Na ce, "Almu, Allah ya shirye ka! Igiya ake ja mata? Maɓalli ne fa!"

"Yaya, ba ki san inji ba."

"Na san gawa dai, ga ta nan a tebur."

Osman ya jera mana ma'aji kala uku. Na farko irin wanda ya mutu, mai faifai a ciki yana juyawa, da allura a kansa. Yana da araha, yana cin kaya kamar rumbu, amma in yana juyi aka jijjiga shi, allurar ta karce faifan. Na biyu, Es-es-di, ba abin da ke motsi a cikinsa, ko jaki ya yi tutsu ba ruwansa, sai dai tsada, kuma ba zai ɗauki ko rubu'in kayan Almu ba. Na uku ruwa biyu ne, faifai da ɗan guntun wancan don sauri.

Almu ya yi tsalle ya kama ruwa biyun. Na ce wa Osman, "Ɗana, kada ka yi mini kwana-kwana. Akwai faifai a ciki ko babu?"

"Akwai, ya hajja."

"To sauri muka zo nema? Ramuka ne ke kashe mu."

Aka haɗa masa Es-es-di ya gwada. Ya kara kunnen dama, ya ɗora tafin hannu. Shiru. Fuskarsa ta ɓaci.

"Wanga ba ya numfashi. In ya kamu da ciwo, ya zan sani?"

Na so in yi masa tsawa, sai na kasa. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauraren ƙarfe, yau a ce ya amince da abin da ba ya ko tari. Na ce masa, "Ko dai ka koyi kashewa, ko ka ɗauki bebe. Zaɓi ɗaya." Ya daɗe yana shafa gemu. Ya san halinsa, ni ma na sani: ba zai kashe ba.

"A ba ni beben. Amma kayana fa?"

A nan ne na tuna yadda uwarmu ke yi. Wa ke ɗaukar rumbu zuwa kasuwa? Ɗiba ake yi a ƙwarya. Osman ya sa beben a cikin kwamfuta, ya ba mu mai faifai a ɗan akwati na waje, wanda zai zauna a ɗaka bisa tebur, ba mai jijjiga shi. Ya zuba masa abin da ya iya cetowa daga mataccen ma'ajin. Awarwarona na azurfa suka tsaya a Sinnar, kuma ba na son kowa ya yi mini maganarsu.

Yanzu kowace safiyar kasuwa Almu yana zaɓen abin da zai ɗiba. Ƙauyen masunta waƙa, ƙauyen malamai tafsiri. Ran nan ya rikita, ya kai wa malamai kiɗan biki, ya dawo yana dariya, wai sun fi masuntan saye. Damina ta wuce, kaka ta wuce, kwamfutar tana kan karo a kunne, ba ta sake kwanciya ba. Mero ta ce har ya yi cinikin tunkiya, uwa da ɗiyarta.